Yadda ake shirya wa ɗalibai rera waƙoƙinsu a tsohon gida lokacin Sallah a Maradi

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ko ƙofar wani babban gida a Maradi da yammacin Sallah ya san yadda aka raba aiki. Makaɗa na da nasu, maroƙa na da nasu, masu dawaki na da nasu, dattawa na zaune ana kwasar gaisuwa. Ƴan makaranta kuwa ƴan kallo ne. Sun sha sabbin kaya, suna yawon barka da Sallah, a ba su ƴan daloli su ƙara gaba. Alhali a cikinsu akwai masu rubuta waƙa a bayan littafin lissafi, ba wanda ya taɓa jin ta sai abokin zama na benci. Wannan jagora na malamin makaranta ne, ko shugaban samarin unguwa, ko wani ɗan gida, wanda ke son ya samo wa yaran nan awa guda a cikin hidimar Sallah, su tsaya a tsohon gida su rera abin da suka rubuta da hannunsu.

Ga ma'aunin da za ka riƙa auna aikin da shi tun daga farko: in waƙoƙin da yaran suka kawo za a iya kwashe su a rera a filin lakwal, wato makaranta, ba a rasa komai ba, to aron inuwar gidan kawai aka yi. Daga gidan waƙar za ta fito, daga zaurensa da tsofaffinsa da kayan da ke rataye a bangonsa.

Wane gida?

A Maradi tsufan gida ba a bango ake duba shi ba, kuma akwai dalili. Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi ya ci shi wajen 1807 su ne suka kafa sarauta a nan ƙarƙashin Ɗan Kasawa, shi ya sa har gobe Sarkin Katsinar Maradi ake cewa. Tsohon garin yana can kwari, bakin Gulbi, inda Ɗan Baskore ya yi sarauta tun tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa 1875. Ambaliyar 1945 ta rusa shi, mutane suka hau tudu, aka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu. Don haka ginin da za ka tarar a unguwar Bagalam ko Ƴandaka ko Maradawa ko Limanci ko Ɗan Gulbi, da wuya ya girmi wannan ƙaura. Amma zuriyar da ke ciki, da sarautar, da takobi ko tambari ko gafakar littattafai da aka tsira da su, sun girme ta nesa ba kusa ba.

Kowa fada zai fara tunani, ko ta Maradi ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri da ke nan kusa. Ban ce a guje ta ba, amma karon farko ka fara da gidan da bai kai fada cunkoso ba: gidan wani mai sarauta, gidan liman ko babban malami, gidan sarkin wata sana'a kamar maƙera ko magina, ko gidan ɗaya daga cikin alhazan da suka yi suna tun zamanin cinikin gyaɗa. Fada ranar Sallah tana da tsarinta da ba za a jirkita shi saboda yara goma sha biyu ba, ga dawaki, ga dogarai na korar jama'a. In abin ya yi kyau a ƙaramin gida, labari zai kai fada da ƙafarsa, baɗi su za su aiko.

Kafin ka tsai da shawara, ka je ka ga wurin da yamma, daidai lokacin da kake son a yi taron. Ina inuwa take faɗuwa? Zauren mutum nawa zai ɗauka, kuma ƙofa nawa gare shi? In ginin ƙasa ne, ɗaga kai ka dubi azara, ka dubi bango ko ya tsage. Yawancin lokaci abin da ya fi shi ne dattawa su zauna a bakin zaure, yara su tsaya a filin ƙofar gida, kada a cusa mutum ɗari a ɗakin da aka gina don mutum ashirin.

Neman izini

Fara da naka ɓangaren. Darektan makaranta ya sani, iyayen kowane yaro su amince, musamman iyayen ƴan mata, kuma da baki za ka je musu, takarda ita kaɗai ba ta isa. In taron zai tare titi, a sanar da mai unguwa da ma'aikatar magajin gari.

Gidan kuwa ba a faɗa masa kai tsaye. Nemi wanda zai yi maka iso, ɗan gida ko bafade ko aminin maigidan, ka riƙe goro a hannu. In an zauna an gaisa, kada ka fara da maganar gasa ko tsarin shiri ko ƴan jarida. Abin da kunnen dattijo zai karɓa shi ne irin wannan: "Allah shi ba ka nasara, ɗiyanka ne na lakwal ke son su zo su ji tarihin gida daga bakin manya. In Allah ya kai mu Sallah, su kawo gaisuwa da ƴar waƙar da suka rubuta." Daga nan sai ka yi shiru. In ya ce zai yi shawara, kada ka matsa, ka tambayi mai isonka ranar da ya dace ka dawo.

In an amince, akwai abubuwa huɗu da ba za ka tashi ba sai ka ji amsarsu: wanda gidan ya wakilta ya yi aiki da kai, iyakar inda yara za su iya shiga, abin da ba a son a ɗauki hotonsa, da maganar da ba a son a taɓo. Ta ƙarshen nan ba kasafai maigida ke faɗinta da bakinsa ba. Wakilin ne zai ja ka gefe daga baya.

Sai mutanen da aka fi mantawa da su, makaɗa da maroƙan gidan. Ƙofar nan gonarsu ce, sun gaje ta, ranar Sallah kuma ita ce kakarsu. In suka ga an kafa lasifika an tara jama'a ba a ce musu komai ba, za su ɗauka an zo raba su da abinci, kuma sanƙira guda ya isa ya danne muryar yara ashirin. Ka je wa babbansu tun da wuri, ka kira shi da sarautarsa in yana da ita, ka roƙe shi ya buɗe taron da taken gidan, ya kuma rufe shi. Ka ware masa nasa hasafin a cikin kasafinka. Ranar taro za ka ga shi ne ke tsawata wa masu surutu.

Rana da lokaci

Kada ka buga kwanan wata na boko a takardar gayyata. Sallah ganin wata take bi, wani lokaci ma a samu bambancin kwana guda tsakaninmu da Najeriya. Ka rubuta "rana ta biyu ta Sallah" ko "rana ta uku", kowa zai gane.

Ranar Idi kanta ka bar wa gidan. A Ƙaramar Sallah rana ta biyu ko ta uku ta yi. A Babbar Sallah kuwa ka san halinmu: ranar farko raguna na jere a kan itace kewaye da wuta har dare, rana ta biyu rabon nama ne da suya, yaran da kake jira su ne ƴan aiken kai wa dangi. Sai rana ta uku hankali ke dawowa.

A ƴan shekarun nan Ƙaramar Sallah na faɗowa cikin Maris, Babba kuma wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kowace shekara suna matsowa baya da kwana 10 ko 11. Wato cikin bazara muke, zafi na haura digiri 40, ba maganar taro da hantsi ko azahar. Lokacinka shi ne bayan La'asar, a watse kafin kiran Magariba da sauran haske. Babbar Sallah kuma tana kusa da jarrabawar BEPC da BAC, wato ta gama ƙaramar sakandare da ta gama babba, don haka ƴan ajin jarrabawa ka ƙyale su, ko da su ne gwanayenka.

Aikin na son mako shida. In Ƙaramar Sallah ka nufa, mako huɗu daga ciki azumi ne, yaro mai ƙishirwa kuwa ba ya rera waƙa da rana. Ziyarar gida da rubutun farko a gama su cikin Sha'aban, azumi a bar shi don gyara da hadda, gwajin murya da safe ko bayan buɗa baki.

A kai yara gidan tun ba su rubuta ko layi guda na waƙa ba

Nan ne ƙashin bayan aikin, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Ka zaɓi yara goma zuwa goma sha biyar, maza da mata, kada ka tsaya kan masu zuwa na ɗaya a aji. Yarinyar da ke ba da waƙar gaɗa a dandali da yaron da ke kwaikwayon kirarin ƴan kokowa sun riga sun san kari, wato tafiyar muryar waƙa, ko da rubutunsu duk kuskure ne. In akwai makarantar allo ko Islamiyya a unguwar, a gayyato biyu ko uku daga can.

Ziyara biyu ake so. A ta farko ba tambaya, kallo ne zalla. Kowane yaro ya zaɓi abu guda ya zauna gabansa kamar minti goma, ya rubuta abin da idonsa ya gani: zanen dagi a saman ƙofa, zanko a kusurwar soro, indararo, turken doki, randa a gindin bango, buzun da maigida ke zama a kai, tsohon allo da tawada ta cinye. Ka hana su kalmomi irin su "kyakkyawa" da "mai tarihi". In yaro ya ce ƙofar tsohuwa ce, ka ce da me ka gane? Sai ya sake dubawa ya ce wajen da ake turawa da hannu ya yi sulɓi, ya fi sauran duhu, kuma ƙusa ɗaya ba irin sauran ba ce. Wannan ƙusar ita ce waƙarsa.

A ziyara ta biyu a zauna da tsofaffi. Maza su zauna da dattawa a zaure, ƴan mata su shiga cikin gida tare da malama. Sau da yawa ƴan matan ne ke fitowa da kaya mafi nauyi, domin a zaure jerin sunayen waɗanda suka yi sarauta ake ba ka, a cikin gida kuwa ake faɗin abin da aka ci shekarar yunwa. Ka koya musu tambayar da ke buɗe baki. "Kaka, ba mu tarihin gidan nan" ba ta haifar da komai sai "to, gida dai na kakanni ne." Amma a ce: "Inna, ranar da aka kawo ki gidan nan, ta wace ƙofa aka shigo da ke? Wa kika tarar a wannan ɗakin?" Ko a ce wa dattijo: "Baba, da ruwa ya ci tsohon gari, me aka fara ɗaukowa daga gidanku?" Waɗanda suka ga 1945 da idonsu sun yi ƙaranci ƙwarai yanzu, amma ƴaƴansu sun ji daga bakinsu. A tambayi farin 1973 da na 1984, a tambayi lokacin da dalar gyaɗa ke tsaye a gari, a tambayi yadda ake hawan Sallah kafin motoci su yi yawa.

Za a samu saɓani. Baba zai ce kakansa ne ya gina zauren, gwaggo ta ce ƙanen kakan ne. Kada ka sa yara su yanke hukunci, ba alƙalai ba ne. Mai waƙa na da mafita da marubucin tarihi ba shi da ita: ya ce "Inna ta ce mini", ya jingina maganar ga mai ita.

Akwai kuma wuraren da za a taka a hankali. Kusan duk ƙarni na 19 Maradi da Gobir sun yi shi ne suna gwabzawa da daular Sakkwato da Katsinar Fulani, sunaye irin su Kaura Hasau har yau da alfahari ake ambatonsu. Babu laifi yaro ya yabi jaruntar kakanni, amma a benci guda yake zaune da ɗan Fulani, kuma rabin danginsa na Katsina da Jibiya. A yabi jarumi ba tare da an zagi zuriyar abokin karawarsa ba. Maganar wanda kakansa bawa ne, da rikicin gadon sarauta, da abin da ya shafi bori a gidajen da ke da wannan tarihi, in tsohuwa ta saki baki ta faɗa, ya tsaya a littafin yaro, kada ya hau lasifika.

Rubutu

Kada ka fara da darasin aruli, wato ilimin awon waƙa, a allo, za ka kashe musu jiki. Fara da murya. Rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa ake yin ta, marubuta da yawa sai sun sami karin murya suke zuba kalmomi a ciki. Yaran sun riga sun san karuruwa da dama daga waƙoƙin Islamiyya da na Mauludi da na dandali. Kowa ya zaɓi wanda bakinsa ya saba da shi, ya yi ta gunguninsa, sannan ya nemi kalmomin da za su zauna a kai. Karin za a ara, ban da baitocin mai shi.

Ga mai farawa ƙwar biyu ta fi sauƙi: baiti mai ɗango biyu, wato layi biyu, ƙarshen kowane baiti da amsa-amo iri ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshenta. Baiti takwas zuwa goma sha biyu sun isa. Ƙwar biyar, mai ɗango biyar a baiti, tana da daɗi a kunne, amma tana neman ƙaramin amsa-amo a ɗango huɗu na kowane baiti bayan babban na ƙarshe, yaro zai ƙare da cusa kalmomin da ba su da aiki don kawai su yi amo. A ja musu kunne kan zaɓen amsa-amo tun farko. Wanda ya ɗauki "-a" ko "-i" yana da kalmomi jibgi, wanda ya ɗauki gaɓar da ba ta da ƴan'uwa zai maƙale a baiti na uku.

Ga baiti biyu da na tsara don gwaji a aji:

Su kakanmu sun bar kwari don tudu,
Ruwa ya ci soro, gari ya ɓace.
Azara ta zaure tana nan daram,
Ruwa ya wuce, ga fari ya wuce.

Kowane ɗango gaɓa 11 ne, tafiyarsa kuma ɗaya: gajeriyar gaɓa, doguwa, doguwa, sau uku, sannan gajeriya da doguwa. Masana na kiran wannan kari Mutaƙarab, amma yaro ba ya bukatar sunan. A sa su tafa shi da hannu. Sannan ka canza ɗango na uku ya koma "Azarar zauren gidanmu tana nan daram", ka ce su sake tafawa. Ma'ana ba ta canza ba, amma hannu zai yi tuntuɓe, su da kansu za su ce ya karye. Daga ranar ba sai ka gaya wa yaro ɗangonsa ya yi tsawo ba, abokansa za su tafa masa.

Bisa al'ada ana buɗe waƙa da sunan Allah da salatin Annabi, a rufe da addu'a, wani lokaci mai waƙa ya saka sunansa a baitin ƙarshe. A bar musu wannan, dattawa na jin daɗinsa. Sai dai yara goma sha biyu kowa ya yi baiti huɗu na buɗewa, rabin lokacin ya tafi. Baiti ɗaya ya wadatar, ko kuma a yi mabuɗi guda na kowa da kowa.

Kada ka goge musu Hausarsu. Yaron da ke cewa "shina tahiya" da "wanga gida" da "ɗiyan Sarki" a gidansu, ya rubuta haka, domin haka tsofaffin da za su saurare shi ke magana, kuma in ka mayar masa da ita Hausar littafi sau da yawa karin ne zai karye. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma wannan bai hana yarinyar da ke jin Fulatanci ko Zabarmanci ko Tamajak ta kawo tata da harshen gidansu ba, ta faɗi ma'anarta a taƙaice kafin ta fara. Mai son yi da Faransanci ma a ba shi wuri ɗaya ko biyu, amma ya sani yawancin masu zama a bakin zaure jira za su yi ya gama.

Kai kuma malam, ka riƙe hannunka. Nuna inda ya karye, yi tambaya, kawo kalma biyu ya zaɓa, amma kada ka rubuta masa baiti. Dattawa na gane waƙar da babba ya sa a bakin yaro. In kana zargin an kwafo ta daga waya, ba sai ka yi faɗa ba. Ka ce ya nuna maka abin da ke cikin waƙar a gidan, ko ya canza maka ɗango guda nan take.

Tacewa

Mako biyu kafin Sallah ka tattara duka ka karanta da idon maigida. Abu uku kake nema. Na farko roƙo: yabon gida daban, "a ba ni babur" daban, ɗalibi ba maroƙi ba ne, kuma roƙo sana'ar maroƙan gidan ce. Na biyu zambo da habaici. Yaran Maradi sun iya su tun suna goye, za ka ga baiti lafiya lau ashe da maƙwabcin gidan ake, ko da wani ɗan gidan da suka nemi sarauta tare. Kai ba lalle ka gano ba, shi ya sa za ka zauna da wakilin gidan ka karanta masa kowace waƙa da ƙarfi, kana kallon fuskarsa. Na uku siyasa, ta gida ko ta ƙasa. A cire.

Sunaye da laƙabin sarauta kuma a tabbatar da su daga bakin ƴan gida. A kira Durbi da Galadima, ko a tsallake sunan wani kaka a jeri, ya isa ya ɓata yammacin gaba ɗaya.

Gwajin murya

A yi gwaji aƙalla sau ɗaya a wurin da za a yi taron, a kuma lokacin. Ka tsaya can ƙarshen fili, duk kalmar da ba ka ji ba ka ɗaga hannu. Yara na hanzari in sun tsorata, suna kuma haɗiye ƙarshen ɗango, wato daidai inda amsa-amon yake. Maganin tsoro shi ne amshi: kowace waƙa ta sami ɗango ɗaya ko biyu da sauran yaran za su riƙa karɓawa bayan kowane baiti. Mai rerawa zai sami numfashi, in ya manta baiti yana da lokacin tunowa, kuma zuwa karo na uku za ka ji mata daga cikin gida sun shiga amshin. A haddace, amma takarda na aljihu.

A koya musu shiga da fita: a tuɓe takalmi in za a taka tabarma, a durƙusa a gaida maigida, "ranka shi daɗe" ko "Allah shi gafarta malam" gwargwadon gidan, sannan a miƙe a fuskanci jama'a ba tare da an ba dattawa baya ba. Wannan kan ɗauki lokaci fiye da yadda ake zato.

Batun na'ura, ƙaramar lasifika mai batir ta fi babban sono, wato manyan kayan sauti. Lokacin zafi wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar baiti, injin wuta kuma ƙararsa ta fi muryar yaro. A caja ta tun safe, kada a jingina ta da bangon ƙasa, kada kuma a buga ƙusa ko a liƙa takarda a jikin ginin.

Ranar taro

Yi lissafi: yara 12, kowa minti 3, minti 36 ke nan. Ƙara buɗewa da addu'a, taken makaɗa, shiga da fita, jawabin maigida, ka tashi da awa guda da ƴan mintoci. Jawabinka kai kada ya wuce minti biyu, kuma kada a ba kowane babban baƙo lasifika, in ba haka ba Magariba za ta riske ku yara huɗu ba su yi ba.

Yara su hallara a wani gida kusa tun kafin La'asar, su yi salla tare, su sha ruwa. Ranar Sallah ce, in ka ce kowa ya zo da kansa, wani yana can unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo wajen gwaggonsa yana jiran kabu-kabu. A fara da mai ƙarfin hali, a sa masu rauni a tsakiya, ƙananan yara kada a kai su ƙarshe don gajiya. A tanadi wurin mata inda za su ji su kuma gani, a tambayi uwargida inda ta ga ya dace. Manya biyu su tsaya kan ruwan sha da hanyar wucewa, in akwai dawaki a kusa a san inda aka ɗaure su.

Za a yi liƙi, ko ka so ko ka ƙi. Kawun yarinya zai taso da jaka guda ya manna mata a goshi, yaron da ya biyo bayanta kuwa maraya ne, ba wanda zai taso. Ka yanke wannan tun kafin ranar, da sanin iyaye da maigida: a ajiye faranti guda a gaba, duk abin da aka bayar ya shiga ciki, a ƙirga a gaban mutum biyu, a raba daidai ko a sayo littattafan rubutu da alƙaluma. Mai gabatarwa ya faɗi haka tun farko. Ni dai ban ga amfanin fitar da na ɗaya da na biyu a irin wannan zama ba. Gaisuwar Sallah aka kawo, in ana son gasa a yi ta a makaranta bayan hutu.

Bayan an watse

Yaran su naɗe tabarmi su share wurin kafin su tafi. Washegari ko jibi ka koma da biyu daga cikinsu ku yi godiya, ku leƙa cikin gida wajen tsofaffin da suka ba da labari, ku bi ta wajen babban makaɗan.

Kowane yaro ya sake kwafe waƙarsa da kyakkyawan rubutu, da sunansa da ajinsa da shekara, ta Hijira da ta boko, da sunan wanda ya ba shi labarin in mai labarin ya yarda. A haɗa su a littafi guda a kai wa maigida, a yi hoton kwafi ɗaya a ajiye a makaranta. In za a buga da na'ura, a nemi wanda allon rubutunsa ke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a kuma sa yaro ya duba tasa kafin a buga. Muryoyin da aka naɗa a waya a tura wa gidan da iyaye tukuna. Hoton yarinya ko na cikin gida ba ya hawa Facebook ko WhatsApp sai da yardar iyayenta da ta masu gidan, gidan rediyon da ya nemi sautin ma ta wannan ƙofa zai bi.

Littattafan da yaran suka yi rubutun ziyara a ciki kada a yar da su. Abin da ya shiga waƙa kaɗan ne daga abin da tsofaffin suka faɗa. A rubuta sunan gidan da ranar ziyara a bangon kowanne, a ɗaure su wuri guda a ba darekta ajiya, ƴan ajin da za su je baɗi su karanta su kafin ziyararsu ta farko.